Fiyanon Akmoor a Shekarar Makoki

Duk wanda ya yi aure a garin Karakol cikin shekarun nan, in dai ba a ɓoye ya yi shi ba, to ya san Mederbek mai kibod ko da bai san sunansa ba. Shi ne mutumin nan da ke zama can gefen dandamali a zauren biki, bayan babbar lasifika, cikin wata kwat mai ƙyalli da ta fara matse masa hammata. Mutane sun yi rawa da kiɗansa har dunduniyar takalma ta cire, amma ka tambaye su kamanninsa washegari, sai su hau sosa ƙeya. Shi ma bai damu a tuna da shi ba. Abin da ke cin ransa daban ne, kuma bai taɓa faɗa wa kowa ba.

Shi ne auta a wurin Burul-apa, matar da ta ƙarar da ƙuruciyarta a masana'antar ɗinki. Ita ta ja hannunsa yana ƙarami ta kai shi makarantar kiɗa ta gwamnati, don ta ji shi yana bin waƙar rediyo da cokali a bakin kwano bai kuskure ba. Can ya faɗa hannun wata Barashiya, Malama Tamara, mace marar dariya, mai damƙa wa yaro tuffa a tafin hannu ta ce haka yatsu za su lanƙwashe, ba kamar ƙafar kaza ba. Ba su da fiyano a gida. Burul-apa ta samo kwali ta zana masa madannai farare da baƙaƙe da tawada, ya riƙa dannawa a kan teburin cin abinci, shi kaɗai ke jin sautin a cikin kansa. Duk da haka, Malama Tamara da ba ta yabon kowa ta taɓa tare uwarsa a bakin ƙofa ta ce kada a bar yaron nan ya lalace.

Sai Tarayyar Sobiyet ta watse. Masana'anta ta rufe, Malama Tamara ta sayar da komatsanta ta koma Rasha, kowa ya shiga neman abin da zai sa a tukunya. Wani kawunsa mai fatauci daga Sin ya dawo da kibod cikin kayansa, aka ce ai Meder ya yi makarantar kiɗa, a ba shi ya nemi na burodi.

Kibod kuwa na'ura ce mai sauƙin kai, irin sauƙin kan da ke lalata mutum. Ka danna maɓalli ɗaya, ganguna da jita duk su tashi da kansu. Hannun hagu yatsa ɗaya ya ishe shi. In mawaƙiya ta ɗaga murya, akwai maɓallin da zai ɗaga sautin gaba ɗaya, kai kana nan kan fararen madannanka ko gezau. Madannan ba su da nauyi ko kaɗan, ƙuda ma in ya dage zai danna. Meder ya ci abinci da ita, ya yi aure da ita, ya yi renon 'ya'ya maza biyu da ita har suka girma suka tafi Mosko neman aiki. Da yake shi ne auta, gidan uwa nasa ne, uwar ma tasa ce, suna zaune tare a hawa na huɗu na wani tsohon bene marar lif.

'Yarsu Akmoor ta zo musu a makare, bayan matarsa Begaim ta riga ta rabar da kayan jarirai. Wata rana da hantsi Meder ya shigo ya tarar da yarinyar a gaban tsohuwar kibod ɗinsa, ta kashe gangar na'urar da kanta, tana laluben wata waƙar reno da kakarta ke yi mata, sauti ɗaya bayan ɗaya. In ta yi kuskure sai ta yamutsa fuska ta koma baya. Wani uban da murna zai yi. Shi tsoro ne ya kama shi, tsoron kada wannan ma ta ƙare a bayan lasifika.

Da kaka ta gabato ya kai ta tsohuwar makarantarsa. Malamar da ke ɗaukar sababbin yara ta ɗago kai ta dube shi ta saman tabarau, ashe Saikal ce, wadda suka zauna benci ɗaya a ajin Malama Tamara. Ita ta daure ta ƙarasa karatun.

"Meder? Kai ne ka koma haka? Ina gashin?"

"Bukukuwa sun cinye shi, Saikal."

Ta gwada yarinyar, ta tafa hannu ta ce ta maimaita, ta danna sauti ta ce ta rera. Sannan ta tura ta waje ta rufe ƙofa.

"Zan karɓe ta. Me kuke da shi a gida?"

"Akwai kibod ɗina..."

"Na san akwai kibod ɗinka, duk garin nan ya sani, kunnuwanmu ba su huta ba. Kada ta ƙara taɓa shi. Yaron da ya koya a kan wannan abin yatsunsa taliya ne, in ya zauna gaban fiyanon gaske ko na layin gaba ba ya jin sa. Na katako kuwa kyauta ma za a ba ka, mutane roƙo suke a zo a kwashe musu, amma wa zai hau da shi hawa huɗu, wa kuma zai gyara masa sauti? Ka samo mata na lantarki, mai cikakkun madannai masu nauyi, wanda in ka taɓa a hankali zai yi raɗa, in ka buga zai yi tsawa. Kuma kullum ta zauna a kansa. Kullum na ce, ba ranar da kuka ga dama ba."

Matsalar ita ce kibod ɗin Meder ta tsufa. Allonta ya dushe, wasu madannan sai an lallashe su, mai zauren biki kuma ya fara faɗa masa cikin raha cewa yanzu akwai masu zuwa da kwamfuta su yi aikin mutum biyar. Ga lokacin bukukuwa ya ƙarato, an kusa haƙar dankali, kowa zai aurar. Abin da Meder ya tara na abu ɗaya ne, ba na biyu ba.

Begaim ba muguwa ba ce, mace ce dai da ta san farashin gawayi. Ta tsare shi a kicin tana yanka albasa.

"Kai dai faɗa mini, wannan fiyanon naka mai nauyi, ana ɗaukarsa a kai shi biki?"

"Ba a ɗauka."

"Yana da ganga a ciki?"

"Babu."

"To me yake yi?"

"Fiyano ne, Begaim."

"Sannu, babban malami. Ka sayi sabuwar kibod, kai ka yi aiki da ita, ita ta koya da ita, kowa ya huta. 'Yar shekara bakwai ce fa. Bara cewa ta yi likitar dawaki za ta zama."

Burul-apa na zaune a bakin taga a kan shimfiɗar ulu, kowa ya ɗauka gyangyaɗi take yi. Sai suka ji muryarta. "Kelin, ƙyale shi," haka take kiran surukarta. "Ni kwali na iya yi masa. Bar shi ya saya wa 'yarsa na gaske, in gani da idona."

Ya hau ƙaramar bas zuwa Bishkek, babban birni. Mai shagon kayan kiɗan, wani ƙato mai fara'a, da jin mai koyo ce sai ya ja shi wajen kibod.

"Baike, babban yaya, kada ka wahalar da aljihunka. Yara yau suna so, gobe sun watsar. Wannan tana da fitilu masu nuna wa yaro inda zai danna, tana da muryoyi ɗari-ɗari, in ta gaji da ita kai ka mora. Dubi, da hannu ɗaya nake ɗaga ta."

Sabuwa ce fil, irin wadda Meder ya daɗe yana mafarki. Ya shafa ta, ya wuce. Ya zauna a gaban wani baƙin fiyanon lantarki da ke jingine da bango, ya ce bari ya gwada wani ɗan kiɗa da ya taɓa yi a jarrabawa yana yaro. Hannun dama ya yi ɗingishi ya ɗan tafi. Hannun hagu kuwa ya miƙe yatsa ɗaya ya dafa, ya tsaya yana jiran ganguna su shigo. Ba abin da ya shigo. Ya sake gwadawa, yatsun suka ƙi rabuwa da juna, madannan suka yi masa nauyi kamar ana ture shi. Mai shagon ya yi kara, ya juya yana gyara wata waya da ba ta lalace ba. Mutumin da ya yi rayuwarsa ana kiransa makaɗi, ranar ya tabbatar da abin da ya daɗe yana zargi: bai iya kiɗa ba, na'ura ce ta iya.

"Ɗaure mini wannan," ya ce.

Maƙwabta suka taya shi hawa da shi. Aka ajiye shi a falo, Akmoor ta riƙa dawowa daga makaranta tana jefar da jaka ta haye kujera. Burul-apa ta sa aka matso mata da shimfiɗarta kusa, tana sauraron hawa da saukar sautuka guda biyar ɗin nan da ba su ƙarewa, kai ka ce wani babban wasa ake yi mata. Meder ya lallaɓa tsohuwar kibod ɗinsa ya fita bukukuwan kaka da ita, yana addu'a kada ta ba shi kunya a tsakiyar rawa. Ba ta ba shi ba. Waɗannan 'yan makonnin su ne mafi daɗi a rayuwarsa, kuma ba su yi yawa ba.

Da sanyi ya fara shigowa, wata safiya Burul-apa ta sha shayinta, ta ce bari ta ɗan kishingiɗa, ba ta tashi ba.

Aka kafa bukkar ulu a farfajiyar benen, aka yanka doki, dangi suka cika ko'ina. Babbar yayarsu Kaliman ta taso daga ƙauye, bazawara ce, 'ya'yanta duk sun yi aure, ta ce ita za ta zauna ta riƙe wa uwarsu makoki a ɗakin da ta cika. Ranar da ta iso ta rufe madubi, ta rufe talabijin, ta ɗauko wani baƙin mayafi ta lulluɓe fiyanon. A danginsu shekara guda ake yi, sai an yi sadakar cikar shekara sannan gida zai sake jin kiɗa. Aikin Meder ya tsaya cak, don ɗan da uwarsa ta rasu ba ya tsayawa a zauren biki yana sa mutane rawa. Ya ari motar wani aboki ya shiga haya. Wannan bai dame shi ba, har wani sauƙi ya ji. Bayan sadakar arba'in yayyensa maza suka yanke hukunci: makaranta ta gwamnati ce, yarinya ta ci gaba da zuwa, amma cikin gidan nan ko ƙyas.

Saikal ta yi ta'aziyya, ta yi haƙuri, sannan ta fara aiko da saƙo cewa yarinya tana zuwa darasi da hannu wofi, abin da aka koya mata Talata ya zube kafin Juma'a.

Nan Meder ya tuna cewa a cikin kwalin fiyanon akwai abin sawa a kunne. In ka jona shi, mai kiɗa kaɗai ke ji. Ya ji kamar an sauke masa dutse. Ya ce wa Kaliman baƙi na tuntuɓe da fiyanon a falo, aka mai da shi ƙaramin ɗaki. Kullum da rana, in yayar tasa ta shiga kicin ko ta kwanta hutawa, sai Akmoor ta sulale ta rufe ƙofa ta ɗage mayafin. Begaim ta sani, ta kau da kai. Meder ya kasa kunne a bakin ƙofa bai ji komai ba sai ɗan ƙwas-ƙwas, ya ce shi ke nan, an dace.

Abin da bai sani ba, kuma ba yadda za a yi ya sani, shi da ya tsufa a kan madannai marasa nauyi, shi ne madanni mai nauyi in ya sauka dukan ba ya tsayawa a nan. Yana bin ƙafafun fiyanon ya shiga daɓe, ya fita ta rufin na ƙasa.

Ranar wata Alhamis, yadda aka saba, mata suka taru aka soya burodi don ƙamshin mai ya kai ga mamaciya, aka kira wani dattijo ya yi karatun Alƙur'ani. Meder na zaune da yayyensa maza a gefe ɗaya na shimfiɗar. Akmoor ta ga kowa ya shagala, ta ce wannan ai ita ce dama. Ana tsakiyar shan shayi sai ga Zuura-apa ta hawo da ƙyar, tsohuwar da ke zaune a ƙarƙashinsu, ƙawar marigayiya tun zamanin masana'anta. Ta zauna, ta shafa addu'a, ta karɓi shayi, sannan ta tambaya da zuciya ɗaya.

"Kaliman, wai me kuke dakawa kullum da rana? Dum-dum-dum, a tsaya, a sake daga farko. Fitilar ɗakina har rawa take. Na ce ko gyaran daɓe kuke yi cikin makoki. Yanzu ma da zan hawo ina jin sa."

Kaliman ta dubi Begaim, Begaim ta dubi butar shayi. Kaliman ta miƙe ta nufi ƙaramin ɗaki, mata biyu-uku suka bi ta, Meder na biye da su. Ta tura ƙofar.

Mayafin na yashe a ƙasa. Akmoor na zaune da abin a kunnuwanta, idanunta a lumshe, tana karkaɗa kai tana murmushi, hannayenta biyu na tafiya a kan madannan. Ba ta ji shigowarsu ba. Sai da ta kai ƙarshe ta buɗe ido ta hango ubanta, ta ɗaga murya irin ta wanda kunnensa ke toshe.

"Ata! Na haɗa hannun hagu! Zo ka ji!"

Kaliman ta dafe ƙirji. "Wayyo uwata! Ƙasar kabarinki ba ta kwanta ba, ana biki a ɗakinki! Mu muna can muna karatu, autanki ya buɗe gidan rawa a nan!"

"Eje, yayata, ba a jin sautin," in ji Meder. "Kuma Apa da kanta ta ce..."

"Cire sunanta daga bakinka! Ta ce ka saya, ta ce ka kaɗa mata a kan gawa? Ba a jin sauti! Tsohuwa mai rabin kunne ta ji daga ƙasa, kai kana cewa ba a ji. Me za a ce da mu a ƙauye? A ce 'ya'yan Burul sun kasa yi mata shiru na shekara ɗaya tak?"

Yana da amsa, amsa mai kyau ma. Ya san da uwarsa za ta iya magana, cewa za ta yi a bar yarinya. Amma babban yayansu ya riga ya tsaya a bakin ƙofa yana kallonsa, dattijon mai karatu na jin komai daga falo, kuma auta ba ya musu da manya a gaban baƙi, ko da furfura ta cika masa gemu. Kaliman ma ba ƙarya take ba, kuka take da hawaye na gaske. Meder ya tako ya wuce 'yarsa bai dube ta ba, ya sunkuya ya zare wayar wutar daga bango ya naɗe ta ya miƙa wa yayarsa. Ta kai ta cikin akwatin kayan marigayiya ta kulle.

Ya daɗe yana juya wani tunani a ransa yana tuƙi, tunanin da ya fi komai ɗaci. Da ya bi shawarar Begaim da ta mai shago ya sayi kibod marar nauyi, da yarinyar ta ɗora ta a kan katifa ta yi ta dannawa har shekara ta ƙare ba wanda ya ji. Tasa tsohuwar kuwa yayyensa sun riga sun sa ya kai ta ajiya zauren biki. Ya zaɓi abin da ya dace, sau ɗaya a rayuwarsa, kuma abin da ya dace ɗin ne ya tona musu asiri.

Saikal ta yi iya ƙoƙarinta. Takan bar yarinyar ta zauna a aji in an samu wanda ba kowa, amma fiyanon da ke aiki a makarantar ba su da yawa, yara kuma layi suke. Tsararrakin Akmoor suka wuce ta. Ta fara ciwon ciki duk ranar darasi. Da bazara ta zo aka yi jarrabawa, ta tsaya a tsakiyar kiɗa ta kasa ci gaba, ta sauko ba ta yi kuka ba.

"Ba zan yi maka ƙarya ba," in ji Saikal a barandar makarantar. "Kunnen yana nan. Za ta iya maimaita aji, zan riƙe mata wuri. Amma ka tambaye ta ko tana so, don ni na daina ganin so ɗin a fuskarta."

Bai tambaye ta ba, don yana tsoron amsar. Da aka koma makaranta yarinyar ma ba ta tuna masa ba.

Sanyi ya sake zagayowa, aka yi sadakar cikar shekara. Kwana da kwanaki mata na murza ƙullu suna soya, Akmoor na tsakiyarsu da ɗan ƙyalle a kai, tana yanka ƙullun daidai wa daida da sauri. Kaliman ta riƙa nuna ta ga baƙi tana cewa ku ga 'yar ƙanena, ba a faɗa mata abu sau biyu. Yarinyar tana jin daɗin yabon, har wani tsayuwa take irin ta manya.

Bayan an shafa addu'ar ƙarshe, mata suka cire baƙaƙen kaya, Kaliman ta buɗe akwati ta ɗauko wayar ta sa wa ƙanenta a hannu. Ta riƙe hannun nasa kaɗan, muryarta a sanyaye.

"Ga kayanka, auta. Mun sauke nauyin Apa. Yanzu ku kaɗa har benen ya rushe."

Ya shiga ƙaramin ɗaki ya yaye mayafin, ya goge ƙurar da hannun riga, ya jona waya. 'Yar fitilar ta kama. Ya gyara kujerar, ya ɗan rage mata tsawo don yarinyar ta ƙara girma, sannan ya leƙa ya kira ta.

Ta zo ɗauke da faranti cike da kwanukan shayi da aka wanke. Ta dubi fiyanon, ta dubi ubanta.

"Ata, kana amfani da shi ne yanzu? An ce in kife waɗannan su bushe, teburin kicin ya cika."

Ya miƙa hannu ya kashe fitilar, ya ja murfin ya rufe madannan. Akmoor ta shimfiɗa tawul a kai, ta jera kwanukan ɗaya bayan ɗaya a tsanake, ta koma ɗauko sauran.